Ɗakin B-2 na NASA a Ohayo: sharhi kan hidimar gwada injin roka a ƙasa tamkar yana sararin samaniya

Duk kamfani ko hukumar da ta ƙera injin da zai tura sashen sama na roka, wato ɓangaren da ke ci gaba da tafiya bayan na ƙasa ya rabu da shi, tana cin karo da matsala ɗaya tun kafin ta isa filin harbawa. An tsara injin ne domin ya yi aiki a wurin da babu iska, amma dole a fara gwada shi a doron ƙasa, inda iska ke danne kowane abu da nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita. Wuraren da ke iya kawar da wannan iska, su kuma bar injin ya ci wuta a cikin ɗaki rufaffe, ba su da yawa a duniya. Wanda zan auna a nan shi ne ɗakin da aka fi sani da B-2, mallakar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, wanda ke kusa da garin Sandusky a jihar Ohayo, ba nisa da tafkin Erie.

Filin da ɗakin yake a ciki ya kai eka 6,400, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antar nakiya ce. Daga baya ya koma hannun cibiyar bincike ta Lewis da ke Cleveland, wadda a yau ake kira cibiyar Glenn. An daɗe ana kiran filin Plum Brook, kafin a sauya masa suna zuwa na Neil Armstrong, ɗan asalin jihar. An gina B-2 a ƙarshen shekarun 1960 musamman domin Centaur, sashen sama na farko da ya yi aiki da ruwan haidirojin da ruwan oksijin, wanda daga baya ya tura kumbunan Viking zuwa duniyar Mars a 1975 da na Voyager a 1977. A 1985 gwamnatin Amurka ta sanya ɗakin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Wannan karramawa ce, amma ga mai neman wurin gwaji tana kuma tuna masa shekarun kayan da zai dogara da su.

Kafin a yaba ko a kushe, ya kamata a fahimci abin da ake saye. Injin sashen sama yana da mazurari, wato ƙahon da hayaƙi ke fita ta cikinsa, mai faɗin baki ƙwarai, domin a inda babu iska, gwargwadon yadda aka bar hayaƙin ya buɗe kafin ya fita, gwargwadon ƙarin turin da ake samu daga kowane kilo na mai. Injin RL10B-2, alal misali, bakin mazurarinsa ya wuce mita 2 a faɗi, kuma filin bakin ya ninka na maƙogwaron injin kusan sau 280. Idan aka kunna irin wannan injin a fili, matsin hayaƙin da ke gab da fita yakan yi ƙasa sosai da na iskar waje, sai iskar ta kutso cikin mazurarin ta ɓamɓare hayaƙin daga jikin bango. Tsohuwar ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ta ce hakan yakan fara ne idan matsin da ke jikin bangon ya sauka zuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na matsin waje. Ɓamɓarewar ba ta zuwa daidai a kowane gefe, kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, saboda haka mazurarin yakan sha jijjiga daga gefe zuwa gefe har ya lanƙwashe ko ya tsage, ko kuma ya karya sandunan da ke juya injin. Ko da bai lalace ba, turin da aka auna ba shi ne wanda za a samu a sama ba.

B-2 ɗakuna biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Na sama tukunya ce ta ƙarfe wadda cikinta ya kai kusan mita 10 a faɗi da kusan mita 17 a tsayi, kuma ta sama ake sauke sashen rokar gaba ɗayansa, da tankunansa da bututunsa da na'urorin sarrafa shi, a tsayar da shi bakin injin yana kallon ƙasa. Idan aka rufe murfi, famfuna sukan zuƙe iskar har abin da ya rage ya yi daidai da na tsayin da kumbuna ke kewaya duniya. An lulluɓe bangon ciki da faranta da ruwan naitirojin ke gudana a cikinsu, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, domin duk zafin da jikin rokar ya fitar ya tafi ba ya dawowa, kamar yadda yake faruwa a duhun sama. Akwai kuma jerin fitilu masu zafi da ke gasa gefe ɗaya na rokar a madadin rana. A ƙarƙashin wannan ɗaki akwai na biyu, rami mai faɗin kusan mita 20 da zurfin kusan mita 36, mai ɗauke da ruwa fiye da lita miliyan 6. Abin da ya haɗa su doguwar bututu ce mai faɗin fiye da mita 3, da bawul a bakinta.

Ranar kunnawa, rokar ta riga ta kwashe sa'o'i ko kwanaki a cikin sanyi da rashin iska. Ma'aikata suna ɗakin kula mai nisa daga wurin, suna kallon ma'aunai. Da farko akan tayar da na'urorin zuƙa, waɗanda ba su da fanka ko wani abu mai juyawa: tururi ne ake fesawa da gudu mai tsanani ta cikin ƙunƙuntar bututu, shi kuma ya ja iskar ramin ƙasa ya fita da ita. Sai a kunna famfunan feshi, ramin ya cika da ruwan sama na roba. Daƙiƙu kaɗan kafin wuta ta kama, bawul ɗin ya buɗe, injin ya tashi, hayaƙinsa ya faɗa cikin bututun da gudun da ya ninka na sauti sau da yawa. A nan dabarar take, domin hayaƙin da kansa ya zama famfo: yana cika bututun, yana toshe hanyar dawowa, yana kuma jan duk abin da ke ɗakin sama zuwa ƙasa. Hayaƙin haidirojin da oksijin galibinsa tururin ruwa ne, don haka feshin yana mayar da shi ruwa nan take. Abin da ba ya komawa ruwa shi ne ragowar haidirojin da bai ƙone ba, tunda da gangan ake ba waɗannan injuna mai fiye da abin da oksijin zai iya cinyewa, kuma shi ne na'urorin zuƙa ke fama da fitarwa kafin ya taru ya haɗu da iska.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne na kashewa. Da zarar injin ya mutu, toshiyar da hayaƙinsa ya yi ta kau, sai tururi mai zafi da ɗigon ruwa su nemi komowa sama su bugi mazurarin da ke ja zur, wanda a injuna irin RL10B-2 siririn kwano ne na zaren gawayi da ba ya jure duka. Dole bawul ɗin ya rufe a daidai lokacin. Kowane wurin gwaji irin wannan da wannan daƙiƙa ake auna ƙwarewarsa, kuma a ganina mai son yin hayar ɗakin ya fi kyau ya fara tambaya a kan ta kafin ya tambayi zurfin rashin iskar da ake tallatawa.

Mai tambaya yana iya cewa duk wannan ɗawainiya ta mece ce, alhali kwamfuta na iya lissafa turin injin a sama daga abin da aka auna a ƙasa. Gaskiya ne tana iya wannan lissafi, kuma da turi kaɗai ake nema, da ba a buƙatar B-2. Abubuwan da rashin iska ke tonawa sukan fito ne daga inda ba a zata ba. A ranar 4 ga Afrilun 1968 aka harba Apollo 6 ba tare da mutane ba, sai injuna biyu na sashe na biyu suka mutu a hanya, injin sashe na uku kuma ya ƙi sake tashi a sama. Bincike ya kai ga wata siririyar bututu da ke kai ruwan haidirojin ga abin kunna J-2, injin da ke tura waɗannan sassa biyu, wadda ke da gaɓa mai nanne-nanne kamar zugazugi domin ta iya lanƙwasa. A duk gwajin da aka yi a fili, tsananin sanyin haidirojin yakan mayar da iskar da ke kewaye da gaɓar ruwa, wannan ruwan ya kwanta a cikin nanne-nannen ya kashe jijjigar da gudun mai ke haddasawa. Iskar da kowa ke ɗauka ba ta da wani tasiri a wurin, ashe ita ce ke kare bututun. Da aka maimaita gwajin a ɗakin da babu iska, gaɓar ta tsinke, aka kuma maye gurbinta da bututu mara gaɓa kafin a ɗora mutane a kan rokar. Injin na biyu da ya mutu lafiyarsa ƙalau, wayoyin kashewa ne aka haɗa a karkace.

Shekara 40 bayan haka, a watan Agustan 2008, rokar Falcon 1 ta kamfanin SpaceX ta yi tashinta na uku daga tsibirin Omelek a tekun Fasifik. Sashen farko ya rabu da na biyu yadda aka tsara, sannan ya biyo shi ya buge shi. Sabon injin Merlin da aka saka yana sanyaya jikinsa da man da ke ratsa bangonsa, kuma bayan an kashe shi ragowar man ta ci gaba da ba da ɗan turi. A wurin gwaji na ƙasa ba a ga wannan turi ba, domin matsin da ya rage a cikin injin bai kai na iskar waje ba. Gyaran bai wuce ƙara 'yan daƙiƙu tsakanin kashewa da rabuwa ba, kuma tashi na huɗu ya kai falaki a ranar 28 ga Satumba na wannan shekara. Ba a B-2 aka gano ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli biyu ba, amma irin tambayoyin da aka gina shi ya amsa ke nan.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne yana ɗaukar sashen roka sukutum, ba injin kaɗai ba, yana kuma iya jiƙa shi cikin sanyi na tsawon lokaci kafin a kunna. A Jamus, cibiyar Lampoldshausen da Eugen Sänger ya kafa a 1959 tana da dandalin P4.1, inda tun 2005 ake gwada injin Vinci na rokar Turai Ariane 6 cikin ƙarancin iska, da tururin da ake samu ta ƙona barasa da oksijin ana fesa musu ruwa. Wuri ne mai inganci wanda bai daina aiki ba, sai dai injin ake ɗorawa a kansa, kuma da aka zo gwada sashen sama gaba ɗaya, a wani dandali dabam aka yi, cikin iskar duniya. Rundunar sojan saman Amurka tana da manyan ɗakuna a cibiyar Arnold da ke Tennessee, NASA kuma tana da White Sands a New Mexico, inda aka gwada injunan kumbon da ya sauka a wata. NASA tana bayyana B-2 a matsayin wuri ɗaya tilo a duniya da ke iya gwada cikakken sashen sama a irin wannan yanayi. Amfanin hakan ya fi fitowa a batun sake kunnawa. Sashen da zai kai tauraron ɗan'adam falaki mai nisa yakan kashe injinsa, ya yi ta shawagi na mintoci ko sa'o'i, gefe ɗaya yana gasuwa ɗayan yana daskarewa, sannan a buƙaci ya tashi a daƙiƙar da aka ƙayyade. A wannan tsakani bawul kan ƙage, famfon da ya ɗumama kan mayar da ruwan haidirojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili ya zama iska ya kasa ja, matsin tanki kuma kan sauya. B-2 yana iya bin wannan jadawali tun daga farko har ƙarshe: kunnawa, kashewa, rufe bawul, maido da rashin iska da sanyi, jira, da sake kunnawa. A wannan fage ban ga na biyunsa ba.

Sai dai akwai abubuwan da ɗakin ba ya bayarwa, kuma ya kamata a faɗe su da babbar murya. Na farko, tsananin rashin iskar da ake alfahari da shi na lokacin da injin ke kashe ne. Da zarar bawul ya buɗe, yanayin yakan koma na saman sararin duniya, kwatankwacin tsayin kilomita 30, inda matsin iska yake kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasa. Wannan ya isa ya hana hayaƙi ɓamɓarewa daga mazurari, amma bai isa ya nuna yadda hayaƙin ke bajewa ya juyo ya gasa bayan rokar a sama ta ainihi ba. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne nauyi. Babu famfon da ke zuƙe jan ƙasa. A cikin B-2 mai yana kwance lafiya a gindin tanki, daidai bakin bututun da zai sha shi, alhali a falaki yana yawo ne ɗigo-ɗigo yana manne wa bango, sai an ɗan tura rokar gaba kafin ya taru. A tashin farko na Ariane 6, ranar 9 ga Yulin 2024, bayan shekaru ana gwaji a ƙasa, ƙaramar na'urar da ke matsa tankuna tana kuma kwantar da mai ta tsaya da aiki a ƙarshen tafiyar, sai Vinci bai samu yin kunnawarsa ta uku ba. Masu shirin sun bayyana wannan ɓangare na tafiyar a matsayin gwajin halin sashen cikin rashin nauyi, abin da babu dandalin ƙasa da ke iya kwaikwayo.

Akwai kuma darasi a tarihin B-2 kansa. A 1998 an gwada sashen sama na rokar Delta III a cikinsa, da injin RL10B-2 da dogon mazurarinsa. A watan Mayun 1999, a tashin rokar na biyu, injin ya yi kunnawar farko lafiya, amma daƙiƙu kaɗan da sake tashi sai ɗakin ƙonewarsa ya fashe, tauraron Orion 3 ya maƙale a falakin da ba shi da amfani. Binciken ya ɗora laifin a kan aibin haɗin ƙarfe tun daga masana'anta. Ba za a zargi wurin gwaji da wannan ba, domin abin da ya tantance shi ne tsarin, ba kowane injin da za a ƙera daga baya ba. Tsarin kuwa ya tabbata mai kyau, tunda daga gare shi aka samo sashen sama na Delta IV, da kuma wanda ya tura kumbon NASA mai suna Orion (ba tauraron Orion 3 ba) zuwa wata a tafiyar Artemis ta farko a Nuwamban 2022. Na kawo wannan ne domin mai biyan kuɗi ya san iyakar takardar da zai karɓa.

Batun kuɗi da shekaru shi ne inda na fi samun damuwa. Kamfanin da ba na NASA ba yana shiga ne ta yarjejeniya ƙarƙashin dokar sararin samaniya ta 1958, kuma a irin yarjejeniyar da aka saba shi ke biyan abin da aka kashe: albashin ma'aikata, naitirojin, mai, tururi, da gyaran da aikinsa ya buƙata. Kaya masu shekara fiye da 50 waɗanda ba a kunna su kullum sukan buƙaci dubawa da tayarwa kafin a amince da su, kuma wannan lokaci ne da ke shiga jadawalin mai haya. Abin lura ne cewa aikin da ya fi jawo wa ɗakin suna a shekarun baya, wato gwajin kumbon Crew Dragon na SpaceX a 2018, na sanyi da zafi da rashin iska ne, ba na kunna babban injin ba. Haka kuma, da NASA ta buƙaci gwada injin J-2X, sabon dandali ta gina a cibiyar Stennis da ke Misisipi, mai suna A-3, wanda ya ci kusan dala miliyan 349. An soke Constellation, shirin NASA na mayar da mutane wata da aka gina dandalin dominsa, a 2010, aka ci gaba da ginin har 2014, aka rufe shi ba tare da ya gwada injin ko sau ɗaya ba, sai a 2022 kamfanin Rocket Lab ya karɓi hayar wurin. Wannan hidima ce da masu buƙatarta ba su da yawa, suna kuma zuwa jefi-jefi, shi ya sa kuɗin tsayar da ita kan faɗa a kan 'yan kaɗan ɗin da suka zo.

Saboda haka masu ƙera roka suka nemi hanyoyin kaucewa. SpaceX yana gwada injin Merlin na sashen sama a filinsa na McGregor da ke Texas ba tare da dogon mazurarin ba, injinsa na Raptor mai babban baki kuwa matsin cikinsa ya yi yawan da ana iya kunna shi a fili. Hukumar sararin samaniya ta Indiya, wadda ke da nata ɗakin ƙarancin iska a Mahendragiri, ta gwada injin CE-20 a fili a Nuwamban 2024 da wata na'urar kare mazurari, domin ta rage dogaro da ɗakin. Kamfanin da ke harba roka da yawa yana iya mayar da tashin kansa ya zama gwaji, ya yi asarar ɗaya ko biyu ya gyara. Wanda ke ɗauke da kumbon bincike guda ɗaya da aka shekara goma ana ƙerawa, ko kuma mutane, ba shi da wannan sarari.

Hukuncina shi ne B-2 ya cancanci kuɗinsa ga rukuni ɗaya na masu haya, wato mai sabon sashen sama ko kumbon sauka da ke aiki da mai mai tsananin sanyi, wanda zai sake kunna injinsa bayan dogon shawagi, kuma wanda asarar tashi ɗaya za ta fi masa tsada nesa ba kusa ba. Mai son auna turi da ingancin ƙonewa kawai ya nemi dandalin injin kaɗai, zai samu da wuri kuma da sauƙi. Mai ƙaramin injin juya tauraron ɗan'adam ba ya buƙatar ramin mita 36. Wanda ya yanke shawarar zuwa kuwa, ina ba shi shawara ya sa a rubuta masa a yarjejeniya girman turin da tsawon kunnawar da na'urorin tururi ke iya ɗauka a halin da suke ciki yanzu, ba adadin da aka tsara su da shi a shekarun 1960 ba, ya nemi a yi gwajin buɗewa da rufewar bawul a gabansa kafin a sauke rokarsa cikin ɗakin, ya kuma ware kwanakin jiƙa ta cikin sanyi daidai da tafiya mafi tsawo da zai yi, domin su ne kwanakin da ake fara yankewa idan jadawali ya matse.